"Na Gane" Ɗin da Ya Ƙona Mini Famfo

Abokina ne ya ƙona mini famfon sola, ya kashe mini albasa, kuma da kalma biyu ya yi aikin: "Na gane."

An kwana biyu da yin wannan, a shekarun da fetur ya gagari talaka, kowa ya jingine injin ban-ruwansa. Na sayar da yawancin awakina, na sayi famfon sola wanda wani ya taɓa amfani da shi, na dasa albasa a fadamarmu ta wajen Tofa. Aibin famfon ɗaya ne: in ruwan rijiya ya ja baya ya ci gaba da juyawa a bushe, ƙonewa yake. Sai na zama maigadinsa, ina wuni ina sauraron kukansa.

A aji uku na bar sakandare, amma gyaran rediyo da waya ya koya mini karambani. Na ce zan haɗa ɗan allon lantarki mai aisi guda, wato 'yar ƙwaƙwalwar nan ta cikin na'ura, ya riƙa kashe famfon da kansa. To, aisi ba ya jin yaren kwamfuta. Sai ka gina masa tafinta, kwamfaila ake ce masa, yana zaune a kwamfutarka amma da yaren aisin yake magana. Na yi ta fama har ginin ya kai rabi, sai ya tsaya cak, wai babu laburaren C. Ba ɗakin karatu ba ne. Tarin ƙananan ayyuka ne da wasu suka riga suka rubuta, kamar kayan miya, in babu su girkin ba ya haɗuwa. Sabis ɗin ƙauyenmu kuwa, kana fara saukewa yake yankewa.

Abokin nan nawa, Alhaji muke ce masa, yana kai wake kasuwar Dawanau. Na ba shi filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, na ce ya shiga shagon intanet a sauke mini laburaren a kai. Na fara yi masa bayani, ya katse ni.

"Laburaren C dai ko? Na gane, mutumina. Kai komai sai ka yi lacca."

Da yamma sai ga shi da kwali a bayan babur, yana washe baki.

"Ga laburare guda na kwaso maka. Duk littafin da ke da C a bango na ce a zuba."

Har da na bitamin C a ciki. Na ce, "Filas ɗin fa?" Ya ce yana aljihu, bai ga amfaninsa ba.

Dole na shiga birni da kaina. Ni da wayona, wa na bar wa gadin famfo? Shi dai. Na ce, "Alhaji, da ka ji kukansa ya canza, ka kashe." Kun san amsar da ya ba ni.

Na dawo da laburaren a aljihu, tun daga bakin gona warin ƙonanniyar waya ya tare ni. Yana kishingiɗe a gindin mangwaro da rediyo a kunne.

"Ai na ji kukan ya canza," in ji shi. "Na zaci ƙarfi ya ƙara."

A makon nan kwamfailan ya ginu tsaf, allon ya yi aiki, sai dai babu famfon da zai kashe. Na ja guga har kafaɗata ta kumbura, albasar ta bushe ina kallo.

Yau ina da wani famfon, allon na kansa, bai taɓa ba ni kunya ba. Amma abin bai bar raina ba. Kwamfailan nan, da bai samu abin da yake nema ba, tsayawa ya yi ya faɗa. Ɗan Adam ne kaɗai zai gyaɗa maka kai alhali bai ji komai ba.

Daga baya muka haɗu a wajen wani suna a Rimin Gado. Ya kama hannuna ya ce, "Har yanzu fushi kake? Wallahi na gane kuskurena."

Na ce, "Alhaji, ka yi wa Allah kada ka sake gane komai nawa. Ganewarka ta farko kwalin takardu ta kawo mini, ta biyu ta cinye famfo da albasa. Ta ukun ban san me za ta ci ba, ni kuma akuya ɗaya ta rage mini."