Mudun da Matata ta Kwaɗa wa Dillali

A shekarun da kaset ke tashe, majalisarmu a shagon wani mai gyaran rediyo take, a Ƙofar Dumi. Bayan la'asar sai ya jona bidiyo mu baje a benci. Akwai wani fim na 'yan Sin da muka kalla har zaren kaset ɗin ya gaji: wata 'yar siririyar mace ce ke tara ƙarti goma ta yi musu dukan sakwara. Mu kuma, manyan magidanta, sai tafi. Mai shagon yakan miƙe tsaye ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, ƙara masa!" Wani tela da ke zama kusa da ni ya rantse da zai samu irinta, da keken ɗinkinsa zai sayar ya aure ta.

Ashe ni irinta ce a ɗakina.

Wata Asabar matata ta je kasuwar Muda Lawal awon masara. Wani dillali ya yi ta bin ta da maganar banza, ƙarshe ya fizge mata mayafi. Ta sunkuci mudun mai masara ta kwaɗa masa a goshi, ya zube cikin kwandon tumatir. Kafin ta iso gida labari ya iso majalisa.

Na zaci tafi za a yi. Ina! Mai shagon ya kashe bidiyo, abin da ko ladan sai ya yi da gaske yake sa shi yi. Ya ce, "Malam, macen da ta daki namiji a bainar jama'a, goshinka ne na gaba."

Na ce, "Ba irin ta fim ɗin ba ce?"

Tela ya ce, "Kai ma dai! Waccan ai a cikin akwati take."

Nan masanan namu suka yanke hukunci: in tura ta gidansu a Miri, kada in je biko sai ta yi wata guda ta yi laushi. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku, wa ya aike ni musu da shehunan benci? Na bi.

Da wata ya cika na sayi goro na hau acaɓa. Na tarar da surukina yana gyaran rumbu. Na durƙusa na ce, "Baba, biko na zo."

Ko kallon goron bai yi ba. Ya ce, "Ai wadda ta yi yaji ake biko. Wannan koro ta ka yi, don ta kare mutuncinta da naka."

Daga bayan zana na ji muryarta: "Baba, a ce masa takardata nake jira."

Sau uku ina komawa. A na huɗu na rubuta.

Yau rumfar hatsi gare ta a Muda Lawal, buhuna har rufi. Telan nan a wurinta yake awo, yana wani rusunawa, "Ranki ya daɗe, Hajiya." Rannan ya same ni a bakin titi ina cin shinkafa da wake na saye, ya girgiza kai ya ce, "Gaskiya ka yi asarar jaruma."

Na duba hagu, na duba dama. Babu mudu a kusa.