Duron Ruwan Madam

Jiya da rana zafi ya matsa, sai na jiƙa wani tsohon buhu na naɗe jarkar ruwan sha don ruwan ya yi sanyi kafin yara su taso daga lakwal, wato makarantar firamare. Da warin jiƙaƙƙen buhun nan ya bugi hancina, sai da na nemi kujera na zauna. In ba ka taɓa yin bazara a Arlit ba, ba za ka gane yadda irin wannan wari yake zama abin marmari ba. A wurinmu warin sanyi ne. A wurina kuma warin kakata ne, matar da ta roƙe ni abu guda a duk rayuwarta na hana ta.

Mahaifiyar babana ce. Daga wani ƙauye na wajen Maraɗi ta biyo kakana, lokacin da ya samu aiki a ramin yuraniyom na Akokan. Ta zo da akwati ɗaya da takardarta ta koyarwa, aka ba ta ajin ƙananan yara, kuma ba ta taɓa yarda an matsar da ita gaba ba. Ta ce manyan azuzuwa kowa zai iya, amma koya wa yaro riƙe alli ba tare da ya yi kuka ba, wannan aikinta ne. Duk garin Madam ake ce mata. Na sha ganin magidanci da gemu da rawani ya sauka daga babur ya rusuna mata a tsakiyar kasuwa, ita kuwa ta kama kunnensa ta tambaye shi ko har yanzu hannun hagu yake rubutu da shi.

Sa'ad da ta fara aiki babu famfo a lakwal. Ta ba ni labari cewa da an yi sha ɗaya na safe yara kan fara zubewa a kan benci, wani haɓo, wani jiri, leɓɓansu duk sun tsage. Ta dami kakana da magana har wata rana ya turo mata wani duron ƙarfe a kan amalanke, daga inda ake zubar da tsofaffin ƙarafan kamfani. A lokacin kowa can yake ɗiba. Ƙofar gidanmu daga can ta fito, da azarar ɗakin maƙwabta, da tukwanen da maƙera suke narkawa su sayar a kasuwa. Ƙarfe ne mai ƙwari, a kyauta, a garin da itace ya fi nama tsada. Ba wanda ya ga laifin hakan.

Ta wanke duron da toka da yashi har hannuwanta suka yi kanta. Ta ɗinke masa riga da buhunna, ta kafa shi a inuwar bayan ajinta, ta ɗaure moɗa biyu da igiya. Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa ta cika shi ta jiƙa masa rigarsa. Ko bayan da aka kawo famfo ba ta daina ba, domin ruwan famfonmu da tsakar rana sai ka ce za a haɗa shayi da shi. Yara kan yi layi, ita tana tsaye tana cewa, "Moɗa ɗaya, ka kalli na bayanka." Shekaru da shekaru haka. Kakana ya rasu da tarin nan da ya ɗauke abokan aikinsa da dama, duron yana nan.

Ni a ɗakinta aka yaye ni, kuma ban koma ɗakin mahaifiyata ba. Ƙawata take ce mini. Tare muke tafiya lakwal, ni nake fara shan ruwan duron da safe don in gaya mata ko ya yi sanyi, in an tashi kuma ni nake shanye na ƙasa kafin ta ɗauraye. Ina alfahari da wannan ƙwarai.

A gida kuwa ita ce sarki. Ranar Lahadi bayan sujada, ƴaƴa da surukai da jikoki dole kowa ya hallara a tabarmarta a ci tuwo da miyar kuka, wanda bai zo ba sai ya zo da dalili a bakinsa. In biyu sun yi faɗa, a kwano ɗaya take zuba musu. A majami'a benci na biyu take zama, gefen taga. Lahadin farko na kowane wata akan yi jibin Ubangiji, a zagayo da faranti mai gutsattsarin burodi da ƴan ƙananan kofuna. Tun muna ƙanana ta koya mana cewa ba a miƙa hannu ga farantin nan alhali akwai wanda yake riƙe da kai a zuciya. Ka fara zuwa ka nemi gafararsa, in ya ba ka, ka dawo ka ci. Da gaske take, kuma kowa ya sani.

Ina kolej, ban fi shekara goma sha huɗu ba, aka fara ganin wasu mutane suna yawo a gari da wani ɗan akwati mai ƙara kamar gyare. Sukan kanga shi a jikin ƙofa ko tukunya, in ya yi shiru su wuce, in ya yi ƙara su sa a ɗauke abin. A nan muka fara jin cewa wasu ƙarafan suna ɗauke da gubar ramin, wadda ba a gani, ba a jin warinta, toka da yashi kuma ba sa wanke ta. Ranar da suka shiga lakwal, tun kafin su ƙarasa bayan ajin akwatin ya ruɗe. Suka sa safar hannu suka tuntsurar da ruwan, suka ɗora duron a mota da rigarsa. Wani malamin lakwal da yake wurin ya ce Kaka tana tsaye da moɗa a hannu, abu ɗaya kawai ta tambaya.

"Ruwan fa? Ya shiga ruwan?"

Babban masu akwatin ya ce, "Madam, ba mu sani ba. Wataƙila ya shiga, wataƙila bai shiga ba."

Har yau amsar ke nan. Ba wanda ya ƙara mana ko kalma ɗaya a kanta.

Ranar ta ƙi cin abinci. Da la'asar ta ce za ta bi gidajen duk yaran da ta taɓa koyarwa ta faɗa musu da bakinta. Babana ya durƙusa gabanta.

"Inna, don Allah ki yi shiru. Gida nawa aka ɗauke wa ƙarfe? Wa ya je ya yi shela? Mu nawa ne a garin nan? Gobe sai ki ji an ce matar coci ta shayar da ƴaƴan mutane guba."

"Da hannuna na miƙa musu," in ji ta. "In an faɗa, ai ba ƙarya aka yi ba. Tashi, kana ɓata wandon aiki."

Lahadin da ta biyo, faranti ya iso benci na biyu, ta naɗe hannuwanta a cinya ta bar shi ya wuce. Duk majami'a ta gani.

Tun cikin sanyi take yawon nan har zafi ya shigo. Ba ta buƙaci takarda ba, a kanta take bin su benci benci, shekara shekara, wane yana gefen wane. Waɗanda suka bar gari ta sa aka kira mata su a waya. Sau biyu na raka ta saboda gwiwarta. Na farko shagon wani Bakatsine ne mai ƴaƴa bakwai, duk ta hannunta suka bi. Bai bari ta ƙarasa ba ya fashe da dariya.

"Haba Madam! Tukunyar da muke tuwo a ciki ma sun ɗauke, ga ƙofar shagona sun ɓalle sun bar ni da labule. In ke kin shayar, ni na ciyar. Mu je a ɗaure mu tare."

Ta yi murmushi, amma ba ta tashi ba sai da ya ce ya yafe.

Na biyun gidan wata Ba'abziniya ne, wadda ɗanta ya rasu yana ɗan shekara goma sha biyu bayan doguwar rama da asibiti bai gane kanta ba. Kaka ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Matar ta miƙe. Ta hura gawayi, ta dafa shayi, ta zuba mana na farko, ta zuba na biyu. Sai a na uku ta yi magana, da irin Hausarsu.

"Madam, yaro yana jin ƙishi, kai ka ba shi ruwa. Wannan ni na sani. Sauran, Allah ya sani. Na yafe."

A hanyar gida Kaka ta tsaya ta dafa bango ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin babba ya yi ba. Akwai gidajen da aka rufe mata ƙofa, akwai inda aka zage ta kamar yadda babana ya ji tsoro. Takan bar su su huce ta koma, har sai an ce mata an yafe.

Abin da ba ta sani ba shi ne halin da nake ciki a kolej. Ƴan mata sun fara raɗa cewa duk wadda ta sha ruwan duron ba za ta haihu ba, gashinta zai zube, ba wanda zai aure ta. Wata ta laƙaba mini suna ƴar duro, ya kuma bi ni. Kullum in na taje kai sai na tsaya ina duban matajin. Tsoro ya cika ni, ban san inda zan kai shi ba, sai ya juye ya zama haushin tsohuwar da take barci a gado ɗaya da ni.

Wata rana da yamma ina tsince shinkafa a tsakar gida, ba kowa, sai na ji ƙarar gwiwoyinta. Ta durƙusa a gabana a kan ƙasa.

"Ƙawata, na gama da kowa. Ke kin fi kowa sha. Ki yafe mini."

Na ajiye faifai na tashi na shige ɗaki.

Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce, wai ya za a yi jika ta ce wa kakarta ta yafe. Ba kunya ba ce. So nake ita ma ta ji tsoro kaɗan. Ina jinta tana lalubar turmi don ta dafa ta miƙe, ban fito na kama ta ba.

Ba ta sake tambayata ba, ba ta kuma canja mini fuska ba. Tsokar da ta fi kyau a miya har yanzu tawa ce. Amma duk farkon wata faranti yakan zo ya wuce ta. Fasto ya zo har gida ya ce ta yi abin da ya fi ƙarfin wajibi, ta dawo ta ci. Ina bayan ƙofa na ji ta ce, "Saura ɗaya, Fasto. Ba na gaggawa." Ya tambaye ta wane ne, ta ce tsakaninsu ne.

Haushin ya daɗe da wucewa, maganar ce ta yi mini nauyi. Na ce wa kaina in na gama jarrabawa zan faɗa mata. Na gama, na ce in sakamako ya fito. Ya fito, aka tura ni lise, wato babbar sakandare, a Agadas. A tasha ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dabino a ɗankwali, ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana kallon bakina. Direba ya danna oda. Na ce, "Sai na dawo hutu, Kaka." Ta ce, "To, ƙawata. Ubangiji ya kai ki lafiya."

Saura mako uku a yi hutun aka kira ni daga aji. Ta faɗi a tsakar gida tana shanya, ba ta ƙara magana ba.

Ranar jana'iza majami'armu ba ta ɗauki mutane ba. Tsofaffin ɗalibanta, yawancinsu Musulmi, suka cika fili suna tsaye cikin rana, har da waɗanda suka taɓa rufe mata ƙofa. A bakin kabari Fasto ya ɗaga murya ya ce in akwai wanda Madam ta yi wa laifi, ya yafe mata. Taron ya amsa gaba ɗaya, "Mun yafe!" Ni ma na faɗa. Ko ni ban ji muryata ba a cikin tasu.

Yau ƴaƴana uku, lafiyarsu ƙalau, gashina kuma furfura kawai ta fara taɓa shi. Ko ruwan ya cuci wani, ban sani ba, kuma na daina sa ran sani. Ina yi wa Ubangiji godiya, ina kuma roƙonsa abin da na hana baiwarsa.

Tun da aka rufe ramin Akokan garin yake ta raguwa. Layinmu na da rabinsa kufai ne, an cire ƙofofi da tagogi an loda a mota. Bakatsinen ya koma gida, Ba'abziniyar ta bi danginta daji wajen Dannet, babana yana Maraɗi yana fama da ƙirji. A majami'a in mun cika benci huɗu sai mu ce yau an zo. Maigidana yana ta cewa mu ma mu tattara, ina ce masa bari yara su gama shekara. Duk waɗanda suka amsa mata tana da rai sun tafi. Ni da ban amsa ba, ni ce na saura kusa da kabarinta.