Safa a Bakin Begila

Ƙanena Auta yana ajin ƙarshe a sakandare lokacin da malamin badujala ya ba shi aron begila, ya ce ya je gida ya riƙa gwaji. A ƙarshen zango za a zaɓi ɗalibi ɗaya a tura shi makarantar kiɗa. Auta ba ya ja a lissafi, ƙwallo ma ba a saka shi. Busa kaɗai ya iya, kuma ya san da haka.

To, gidan haya muke, bangon kamar kwali. Baba direban babbar mota ne, in ya dawo daga tafiya wuni yake yana barci. Busar farko matar mai gida ta leƙo ta ce, "Lafiya? Yaƙi aka fara?" Baba kuma daga ɗaki ya ce, "Kai Auta, ko ka ajiye ƙarfen nan ko in zo in ajiye maka."

Sai Auta ya cusa tsohuwar safa a bakin begilar, ya raɓe bayan ƙofar kicin, tsakanin buhun gawayi da bokitai. Kullum ya dawo makaranta, can zai nufa ko abinci bai ci ba. Jijiyoyin wuyansa su tashi, leɓe ya kumbura, sautin kuwa bai fi kukan sauro ba. Nakan tsokane shi da mawaƙin kyankyasai, ya harare ni ya ci gaba.

Ranar zaɓen na je kallo. Ya ɗaga begilar babu safa. Wata da watanni ya saba turo iska da dukan ƙarfinsa, kunnensa kuma ya manta muryarta a buɗe. Sautin ya fashe, ya karkace, yara suka kwashe da dariya.

"Sassauta, ɗana. Sake," in ji malamin.

Ya sake, abin ya fi muni. Malamin ya miƙa hannu ya karɓi begilar. "Ba ka yi gwaji a gida ba, ko?"

Wallahi har yau tambayar nan tana ci mini rai.

Yanzu faci yake yi a bakin titi, ya yi aure, furfura har ta fara. Ba ya zancen kiɗa da kowa. Rannan ina zaune a bencinsa 'yan badujalar wata makaranta suka zo wucewa, masu begila a gaba. Babu taya ko ɗaya a gabansa, amma ya tashi ya ja injin iska, ya bar shi yana ruri har suka sha kwana.