Jar Fitila a Ɗakin Baba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatun wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane ina girgiza kai, yau ga nawa, sai dai ina roƙon a sakaya sunana.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kontagora, ina sayo dawa da masara daga Kaboji da ƙauyukan kewaye ina sayar wa masu lodi zuwa Kudu. Ina da mata da yara, amma ban bar gidanmu ba, sashena yana jikin na mahaifina. Halina kuwa kowa ya sani: in na sa abu a gaba ba na jin kira, kuma na tsani a ce abu ya gagare ni. Baba tsohon ma'aikacin En'e ne, mutum mai jama'a, wanda ko fura aka dama masa sai ya sa an leƙa zaure ko akwai wanda za su sha tare. A shekarar da nake ba da labari, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi daidai shigowar bazara. Ƙurajen zafi suka feso masa a baya, likita ya ce mu kula kada kwanciya ta zame masa gyambo.

Yayana da ke aiki a Kaduna ya aiko da iyakwandishan, irin sabon yayin nan mai gida biyu, ɗaya a manne a bangon ɗaki, ɗaya a waje, bututu ya haɗa su. Mu a lokacin wanda ake fasa bango a cusa kawai muka sani. Na kira mai haɗa mana wuta, ya zagaya kwalin, ya ce ai duk abu ɗaya ne, kafin Azahar ya gama. Ni kuma na kawo kafinta ya toshe tagar ɗakin Baba da katako, na sa aka cusa tsumma a ƙasan ƙofa don kada sanyi ya tsere. Da aka kunna, iska mai daɗi ta fara busowa, Inna ta shiga sa wa yayana albarka. Ba ta kai ƙarshen addu'ar ba muka ji ƙit, na'ura ta tsaya, wata 'yar jar fitila a gabanta ta fara ƙyaftawa. Ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta huta, ta sake. Idan aka kashe daga bango aka jira aka kunna, sai ta ɗan yi aiki kamar abin kirki, sannan fitilar ta dawo.

Nan wahalata ta fara. Na nemi littafin da ya zo a kwalin, ashe akuyar Inna ta riga mu karanta shi, ba ta bar mana ko bango ba. Na ɗauko mai gyaran firiji daga kasuwa, ko fitilar bai kalla ba ya ce gas ne ya ƙare. Na ce sabon abu? Ya ce ai a hanya yake zubewa, ramukan titi ne. Ya ɗura mata gas har na wajen ya fara gurnani, daga ranar kuma ko ɗan aikin da take yi ya ragu. Mai gyaran talabijin ya zo ya ce ƙarfin wuta ne bai kai ba, na sayo sitabilaiza, na aro janareta wurin maƙwabci, unguwa ta cika da hayaƙi da ƙara, fitila na nan tana ƙyafta mini ido kamar mai tsokana. Na je wurin buga waya na kira yayana, ya ce shi ma bai taɓa ganin haka ba, zai tambaya a shagon da ya saya. Na bar kasuwata a hannun wasu, raina kullum a ɓace, matata ma ta daina tambayata yaya ake ciki. Sau da yawa na tsaya gaban na'urar nan da takalmi a hannu, kunyar Baba ce kawai ta hana ni.

Sai aka haɗa ni da wani da ya ce ya yi aiki a otal a Minna. Ya zo bayan La'asar, lokacin da 'yan dubiya suka cika ɗakin, wasu kan tabarma, wasu a bakin ƙofa, kowa da ya-jikinsa da addu'arsa. Ya ja ni gefe ya ce ga matsalar nan a zaune. Wai na'urar ta mutum biyu zuwa uku ce ba ta unguwa guda ba, zafin jikin jama'a da buɗe ƙofa ne ke yi mata nauyi, fitilar kuka take yi. Na karɓi maganar nan hannu biyu, domin na gaji, kuma ta ba ni wanda zan ɗora wa laifi.

Kowa ya san yadda dubiya take a garinmu. Ba a neman izini, ba a sa lokaci, mutum yana fitowa daga masallaci zai biyo ya zauna, ko bai ce komai ba zaman nasa gaisuwa ne. Ni na sa kujera a zaure na zama mai gadi. Duk wanda ya zo sai in ce Baba yana barci, zan gaya masa. Inna ta ce abin da nake yi ba a yi, na ce mata lafiyarsa nake nema. Shi kuwa Baba yana ciki, taga a toshe, ƙofa a rufe, na'ura ta yi aiki kaɗan ta tsaya, ɗaki ya koma kamar tanda, in shiga in kashe in kunna. Harshensa ya yi nauyi, amma ya iya tambayata ina mutane. Na ce likita ne ya ce ya huta.

A cikin kwanakin ne amininsa ya zo daga Auna, tsohon da suka yi aikin En'e tare tun suna samari. Motar kasuwa ya biyo, ga shi ko tafiya sai da sanda. Na gaishe shi har ƙasa, sannan na karanta masa abin da nake karanta wa kowa. Ya ce ba komai, zai jira ya farka. Ya zauna a dakali har rana ta yi sanyi, ni kuwa ina shiga ina fita ina fama da fitila, ina ce wa raina bari ɗakin ya ɗau sanyi tukuna in shigar da shi ya ga yadda muke kula da abokinsa. Ɗakin bai ɗauka ba. Da lokacin motar komawa ya yi, ya miƙe da ƙyar ya ce, “Ɗana, ka ce masa na zo. Ban san ko ƙafafun nan za su sake hawa mota ba.” Ban gaya wa Baba ba, don na san abin da zai biyo baya.

Daga baya yayana ya turo ma'aikacin shagon daga Kaduna. Mutumin ya tsaya ya kalli fitilar sosai, ya ce ƙyaftawar ba ta banza ba ce, kowace matsala da irin tata, wannan tana nufin gas ba ya samun hanya. Ya fita wurin na waje, ya kwance wasu murafai biyu na tagulla a inda bututu ya shiga, ya nuna mini bawul, wato makullin da ke buɗe wa gas hanya, a ƙarƙashin kowanne. Ɗaya a buɗe yake, ɗayan kuwa mai haɗa mana wutar nan ya ɗan murɗa shi ne kawai ya bari. Ya rage gas ɗin da aka ɗura ba gaira ba dalili, ya sa wani lanƙwasasshen ƙarfe ya buɗe bawul ɗin, shi ke nan. Na tambaye shi batun taron jama'a, ya ce iyakacinsa sanyin ya ragu, ba zai kunna wannan fitilar ba.

Ɗaki ya yi sanyi har Baba ya nemi bargo. Ina tsaye ina jiran yabo, sai ya dube ni ya ce ko mutumin Auna bai ji yana kwance ba ne, shi da ko ciwon kai Baba ya yi sai ya zo. Ashe duk kwanakin nan abin da ke cin ransa ke nan, yana zaton amininsa ya yar da shi. Na faɗa masa gaskiya, na ce gobe da kaina zan ɗauko shi a mota. Na je Auna da safe, tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan da mutane zazzaune. An binne shi kwana biyu kafin zuwana.

Ban taɓa yin tafiya mai nauyin dawowar nan ba. Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana salati, hawaye na bin gefen fuskarsa da ba ya motsi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya ce kawai shi ne, “Da ka bar shi ya shigo, ai zafin ba zai kashe mu ba.” Sannan ya ce a ɗauke shi a kai shi zaure. A can ya ƙare sauran kwanakinsa, ana yi masa fifita, jama'a na shiga suna fita.

Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji fiye da na masu gyaran. Su sun faɗi abin da ba su sani ba, ni ne na ɗauka na aikata a kan mahaifina. Don haka ina jan kunnen 'yan'uwa: in na'ura ta nuna alama, a nemo wanda ya san irinta tun farko, kada a tara masu cinta-cinta. Wanda kuma Allah ya ba jinyar tsoho, ya tambaye shi abin da yake so kafin ya yanke masa abin da ya dace da shi. Ni ban tambaya ba, kuma mutanen da ya kamata in nemi gafararsu a kan wannan duka biyun suna ƙasa. Allah ya jiƙansu, ya yafe mini.