Tsiyar da Na'ura Ta Kashe

Ni da na'urar nan ta bidiyo da ake kira VAR ba ma ga-maciji, kuma ba don ta sha soke wa ƙungiyata ci ba ne. Aboki ta raba ni da shi.

A Gwandu muka yi koyarwa tare. Shi Kirista ne daga kudancin jiha, malamin lissafi, ni kuma tarihi nake koyarwa. Ƙwallo ce ta haɗa mu, ita ma ta hanyar adawa: shi na masu shuɗiyar riga, ni na masu ja. Duk Asabar bayan La'asar muna kan benci ɗaya a gidan kallo, muna yi wa juna tsiya har a tashi. Mutum ne mai dariyar ƙeta, irin wadda ko ta ba ka haushi sai ka taya shi.

Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kalgo, na kama ɗaki ni kaɗai, iyali suna can garinmu. Gidan kallon da na samu cike yake da ɗaliban jami'a. Yaran kirki ne, suna ba ni wurin zama, suna ce mini Baba, amma wa zai yi wa Baba tsiya? In aka ci mu, sai su ce mini sannu. Sannun nan ta fi cin ciwo.

Waya ce ta rufa mini asiri. Ba mu zauna mun tsara ba, haka kawai ta zama doka: duk wanda aka ci ƙungiyarsa, ɗayan zai kira shi nan take, kuma dole ya ɗauka. Ƙwallo na taɓa ragarmu aljihuna zai hau ruri.

"Malam, ka gani ko? Wanga gola naku kwando ne!"

"Jira dai, Ticha, ba a tashi ba."

Shi ke nan, sai ya kashe. Amma na rantse wannan 'yar maganar takan kai ni mako. A duk faɗin Kalgo ba mai raina ni da ƙauna kamar haka.

Sai na'ura ta shigo. Ranar farko da ta yi mana aiki, ni na kira. An ci shuɗaye, na miƙe tsaye ina zuba masa tsiya, sai na ji ya fashe da dariya.

"Malam, dubi alƙali. Hannu nai na ga kunne."

Na waiga. Alƙalin wasa ya zana akwati a iska, ya ruga gefen fili ya leƙa wani ɗan talabijin, aka ja layuka ja da shuɗi, wai kafaɗar ɗan wasa ta yi satar gida. Kafaɗa! Aka soke. Ɗalibai suka kaure da musu, wasu na cewa gaskiya ce ta yi halinta, wasu na cewa an kashe ƙwallo. Ni dai na zauna da waya a hannu kamar wanda ya yi guɗa a gidan da ba biki.

Shi ma ta yi masa haka ba sau ɗaya ba. Daga nan muka koyi jira. A ci, mu zuba wa alƙali ido, a duba, a sake dubawa. Kafin a tabbatar, abin ya huce. Tsiya kuwa kamar ƙosai take, da zafinta ake ci. In kira shi bayan an gama aune-aune in ce masa me? Sai in ce bari sai ci na gaba. Ina jin shi ma haka yake cewa. Kira ya koma jefi-jefi, daga baya ya ɗauke. Ba faɗa, ba ɓacin rai. Na yi kewarsa ƙwarai, amma ban san yadda ake kiran mutumin nan ba tare da an ci ba.

Wata Asabar ta damina jajaye suka haɗu da shuɗaye. Ɗan wasanmu ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa, raga ta girgiza. Alƙali ya kai hannu kunne. Na ce yau kam ko za a soke sai na kira. Wayar ta yi ta ruri kafin ya ɗauka. Ban ji hayaniyar gidan kallo a bayansa ba, kukan akuya kawai na ji.

"Malam? Lahiya dai? Mi ya hwaru?"

"An ci ku," na ce.

"Au, yau ana wasa? Ai na daɗe da barin kallo. Abin ba daɗi yanzu. Ya iyali? Ya aiki?"

"Lahiya lau, Ticha. Ya naka iyalin?"

Muka gaisa tsaf cikin ladabi, ya yi mini godiyar kira, muka yi sallama. Ina mayar da waya aljihu alƙali ya nuna tsakiyar fili, ci ya tabbata. Gidan kallo ya ɗauki ihu. Wani ɗalibi ya juyo ya ce, "Baba, kun ci fa." Na ce masa na gani.