Ƙarar Tauna

Salamu alaikum jama'a. Na san na ɓace muku. Masu kawo mini ɗinki sun yi ta cigiya, wasu har sun ce Rabi ta yi kuɗi ta gudu Abuja. Ina fa! Ina nan Nasarawa Gwom, ciwo ne ya kwantar da ni, ciwon da na rasa sunan da zan kira shi.

Ban daɗe da yin arba'in ɗin haihuwar Nana ba na leƙa shagona a Kwararafa. Da rana tsaka ina cin gasasshiyar masara, sai na ji wani abu ya fashe. Kun san Jos. Kafin ka ce kwabo an fara gudu, ana jan ƙofofin shaguna, wata na ihu, "An fara! An fara!" Na sunkuci Nana na shige ƙarƙashin tebur, masarar tana bakina.

Ashe tayar mota ce.

Kowa ya yi dariya ya koma harkarsa. Ni ce ban dawo ba.

Tun daga ranar, da na sa abinci a baki na fara tauna, sai in ji ƙafafu. Wallahi ƙafafun mutane suna gudu, cikin kaina, suna matsowa. In na daina tauna su tsaya. In na ci gaba su taso. Maƙogwarona ya shaƙe, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, sai na tofar.

Inna, mahaifiyata, ta ce iska ce ta shafe ni a jego. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu. Maigidana kuma, bawan Allah, ya ce hayaniya ce ke firgita ni. Ya hana yaran gida wasa a tsakar gida, ya kashe rediyo. A kawo mini kwano, a ja mini ƙofa, wai in ci cikin natsuwa.

Ɗakin ya yi tsit kamar maƙabarta. Ni da kwano, da ƙafafun nan.

Sai in buɗe taga in zuba wa kaji. Kajin gidanmu suka yi ɓul-ɓul, ni ina ƙarewa. Har suka gane lokacin, su jeru ƙarƙashin tagar ba ko kuka, suna kallona da ido ɗaya.

Nono ya ƙafe. Nana ta kama, ta ja, ta saki, ta kalle ni. Daga baya ko kukan ta daina yi. Wannan shirun nata ya fi ƙafafun ba ni tsoro.

Maƙwabciyarmu Mama Obinna, mai shagon kayan masarufi, ita ta shigo ba sallama ta ɗaga hannuna. "Maman Nana, wannan ba jego ba ne. Tashi mu tafi asibiti."

An ɗebi jini, an duba maƙogwaro, an yi hoton ciki. Kuɗin adashina kaf suka tafi a nan. Jinina ya yi ƙasa, sauran lafiya lau. Likita ya ce, "Hajiya, maƙogwaronki ba komai. Fargaba ce, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo." Ya haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, ya tura ni wurin wata ma'aikaciya mai kula da cimar marasa lafiya.

Ita ce ta fara tambayata, "A ina kike cin abincin?"

Na ce a ɗaki, ni kaɗai.

Ta riƙe baki. "A shiru? To ai dole ki ji taunarki. Kada ki ƙara ci ke kaɗai."

Ta ce in ajiye abin tauna tukuna. Kunun gyaɗa da madara, gwaten acca mai ruwa-ruwa, dankali a dame shi da ƙwai. Ƙaramin kofi, amma a kai a kai, ko ba na jin yunwa. Shayi mai yawan ganye in rage. Nana kuma aka nuna mini yadda zan taimaka mata da madarar jarirai, ina ci gaba da ba ta nono.

Maigida da ya ji, ya rasa inda zai sa kansa. Ya kunna rediyo, ya kira yara. Mama Obinna ta riƙa zuwa da kujerarta tana zuba mini surutu da Hausarta, wai kajina sun fi ni kyau. Ina dariya ina kurɓa.

Ba a rana ɗaya ba ne. Har yanzu wani lokacin ina jin ƙafafun can nesa, sai in ja numfashi yadda aka koya mini, in haɗiye.

Ranar da Nana ta kama nono na ji tana haɗiya, ƙut, ƙut, na yi kuka har Inna ta tsorata.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa ma'aikatan asibitin nan, da Inna, da maigida, da Mama Obinna.

In kuna da wanda ya daina cin abinci, ku yi addu'a, ku kuma kai shi asibiti. Kada ku yi masa faɗa, kada ku cika masa kwano. Kada kuma ku ja masa ƙofa. Ku zauna ku ci tare.

Kajinmu sun rame yanzu. Nana ce ta yi kumatu.