Kwanon Rufin Da Mama Ba Ta Samu Ba

Ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba rikicin addini ya cinye gidanmu da ke arewacin kogin da ya raba garinmu biyu, ya haɗa da Baba. Muka tsallako unguwar Barnawa da ke kudancin kogi, ni da Mama da ƙannena biyu, muka raɓe a garejin wani ɗan cocinmu. Mama ba ta da wani buri sai ta samu rufi nata na kanta kafin damina.

Sai ga wata ƙungiyar agaji daga Turai da kwanon rufi da siminti. Mutanen kirki ne, ban raina musu ba, amma da sharaɗinsu suka zo: sai ka tsaya a kangon gidanka an ɗauke ka hoto, kuma a nan za ka sake gini. Wai don kowa ya koma cikin maƙwabtansa. A takarda abin gwanin kyau.

Mama ta gwada. Ta yi shigar Lahadi, muka hau bas. Muna isa bakin gada ta ce wa kwandasta akwai sauka. Ta zauna a gefen titi, ta ce, "A ƙofar gidan nan na bar babanku kwance. Ba zan iya tsayawa a wurin a ɗauke ni hoto ba."

Akwai wani Alhaji, abokin aikin Baba a masaƙa, shi kuma gidansa na unguwar Nasarawa da ke kudancin kogi aka ƙona, ya koma arewacin kogi. Ya yi ta maza ya zo har garejin, ya ce, "Maman yara, ki ɗauki filina in ɗauki naki. Kowa ya yi gini inda zai iya barci."

Tare suka je ofishin ƙungiyar. Baturiyar da ke kula da ofishin ta saurare su har idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce fom ɗinsu ba shi da gurbin musaya, sai ta rubuta wa manyanta. Har yau idan na tuna fom ɗin nan raina ɓaci yake yi.

Amsa ta zo bayan damina ta wuce, an amince. Kafin nan kwano ya ƙare, an rufe shirin. Musayar fili dai sun yi, amma Mama ba ta taɓa samun halin ɗora ko bulo ɗaya ba. Haya ta yi ta yi a unguwar Kamazou, ɗaki guda, har ta rasu. Ranar da aka kawo gawarta, sai da na roƙi mai gidan ya bar mu mu ajiye akwatin a tsakar gidansa.